Mai Ƙwaƙular Bangon Ɗakina

Shekarar da jakin maigidana ya mutu, ita ce shekarar da na rantse ko ana ha-maza ha-mata sai na gyara ɗakina. A garin Ƙofa muke zaune, Turawa ba su tafi ba tukuna, saura musu kamar shekara biyar. Gyaɗa ba ta yi ba, jaki ya mutu, abin da ke cikin rumbu na bakinmu ne kawai. Ga yara uku a gabana: babbar, wadda har yau ba na kama sunanta sai dai in ce Yaya, tana shekara shida, Isa yana uku, Hauwa tana goye. Duk wadda ta yi raino ta san abin da yara ke yi wa ɗaki. Tasoshin jerena Isa ya mai da su ganga har fentinsu ya ɓare, hayaƙi kuma ya mai da bangon kamar gindin tukunya.

Na ce wa maigidan, "Malam, ko faranti huɗu ne ka samo mini in liƙa a bango."

Ya ce, "Saude, ki bari sai kaka mai zuwa."

Na ce, "Ai bara ma kakar nan ka nuna mini, har yau ba ta iso ba."

Ya yi dariya ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Shi ke nan maganar faranti ta mutu.

Allah da ikonsa, sai ga wana Ɗahiru, mai fatauci ta wajen Tudun Wada da Doguwa, ya sauke mini mangala guda ta farar ƙasa. Wai a wani rami ya haƙo a bakin rafi, kyauta. Ban taɓa ganin irinta ba. Fara ce fat, ga laushi kamar garin tuwo, in ruwa ya taɓa ta kuwa sai ta tashi da ƙamshi irin na ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa. Duk Ƙofa babu mai irinta sai ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi ta fankama.

To bari in gaya muku wace ce Furera, don labarin nata ne. Furera ƙawata ce, ba ƙawar gaisuwar hanya ba, ƙawance na gaske wanda aka kai goro aka ƙulla a gaban mata. Gidan mijinta Shitu yana jikin namu, danga ɗaya ta raba mu, mun kuwa huda dangar mun yi 'yar ƙofa. Shekararta tara da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ita ta yaye mini Isa, ta kwana arba'in tana fama da kukansa, har ya koma kiranta Umma ni kuma Saude. Ranar da ta dawo mini da shi ta ce, "Ƙawa, in Allah ya ba ni nawa, ke za ki yaye mini." Na ce, "Ko goma ne ki kawo."

Ita ce ta kawo shawarar adon. Muna zaune muna kwaɓa ƙasar nan da ɗan ruwan ƙaro, ina ta ƙorafin faranti, sai ta ce, "Ke da Allah ya ba ki abin da ya fi faranti? Mu yi wa bangon ɗamara mai kauri, mu danna hannuwan yaran a ciki."

Haka muka yi. Muka shafe ɗakin duka da tsumma, sannan muka ja ɗamarar zallar farar ƙasa kewaye da bango, faɗin tafi biyu, kaurin yatsa, daidai ƙirjin babban mutum don kada yara su kai. Muka riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya muna danna tafinsu tun ƙasar na ɗanya. Na Yaya muka cike da shuni, na Isa da jar ƙasa, na Hauwa ɗan mitsitsi muka bar shi fari. Da ya bushe, wallahi ko ni na tsaya ina kallo. Inna, uwar mijina, da ba ta yabon komai, ta leƙo ta ce, "Af, ashe kina da kai."

Bayan kwana bakwai na kira matan unguwa su yi mini daɓen ƙasan ɗakin. Na jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa, na zuba tsakuwa, na dafa wake da shinkafa 'yar kaɗan, mata suka zo da madaɓansu ana bugu ana waƙa. Furera, wadda a duk unguwar babu mai hannun daɓe kamarta, ta zauna a bakin ƙofa ta ce kanta ke ciwo. Ko madaɓi ba ta taɓa ba. Da aka zuba abinci ta kau da kai ta ce ta ƙoshi. Na ji abin a raina, amma na haɗiye.

Kwana uku bayan daɓen na ga ramin farko. Ɗan ƙarami ne, kamar gurbin goro, dab da hannun Isa. Na ce ɓera ne. Na tankaɗe toka a gindin bangon don in ga sawu, gari ya waye babu sawun komai. Na kwaɓa sauran ƙasa na toshe. Bayan kwana biyu sai ga wani, wannan karon kusa da hannun Hauwa. Na duba ko gara ce, babu gara. Na kama Yaya na murɗe mata kunne, ta yi ta rantsuwa tana kuka, na tsayar da ita a jikin bangon na ga ko ta yi ɗage ba ta kaiwa. Sai na kawo fitila da rana tsaka na haska ramin sosai. Shatin farce ne a ciki, guda uku a jere, kuma farcen babba ne.

Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane ba, amma mu mun taso muna jin yadda ake ɗibar ƙasar sawun mutum a kai wa boka. To in sawun ƙafa yana aiki, ina ga tafin hannu da aka danna da gangan, na 'ya'ya uku, kowanne da launinsa don kada a yi kuskure?

Na zauna na lissafa masu shiga ɗakina. Malam, da ko an sauya wa ɗakin ƙofa ba zai lura ba. Inna, da ba ta wuce bakin ƙofa saboda ƙafarta. Sai Furera, da ke shiga ko ina nan ko ba na nan.

Na ce a'uzubillahi, na tofar da yawu, na ce Shaiɗan ne. Amma daga ranar idona ya buɗe a kanta, kuma duk abin da na duba sai in ga ya zauna daram. Wa ya kawo shawarar a danna hannuwan? Ita. Wa ya ƙi taɓa madaɓi a ɗakina, ya ƙi cin abincina? Ita. Isa ya rugo ya ce Umma ta goya shi, ta ce masa, "Bari, Isa, ka yi nauyi," yaron da a da ita ke ƙwace shi daga hannuna. Na aika mata miyar kuka da daddawa mai kyau, kwanon ya dawo ko taɓawa ba a yi ba. In muna hira sai in ga idonta ya bar fuskata ya koma kan bango, tana haɗiyar yawu. Rannan kuwa da hantsi na leƙa ta danga, na gan ta a bayan ɗaki tana shan rubutu a ƙoƙo. Tana ganina ta tura ƙoƙon bayanta.

Na ce, "Ƙawa, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. Na ciwon kai ne."

Ciwon kai! Shekara tara muna tare, ko ƙaya ta taka sai ta gaya mini, yau ga ciwon kai mai ɓuya a bayan ɗaki.

Na sami Inna tana kaɗi a inuwar rumbu, na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata komai. Ba ta daina murza mazarinta ba har na gama. Sannan ta ce, "Kin gani da idonki?"

Na ce, "Ban gani ba, Inna, amma ai ga alamu."

Ta ce, "To ki iya bakinki. Na san ki, Saude, harshenki ya fi ƙafarki sauri."

Na tashi ina gunaguni a ciki. Ramuka kuwa suna ta ƙaruwa, na daina toshewa na koma ƙirgawa. Da suka kai bakwai Isa ya kwanta da zazzaɓi, jikinsa kamar garwashi, ko kunu ba ya zama a cikinsa. Na dubi yaron, na dubi jan hannunsa a bango da ramuka uku kewaye da shi. Na taɓa binne ɗa tsakanin Yaya da Isa, na san yadda abin yake. Na ce wallahi ba zan sake ba, ko da wa zan ɓata. A zuciyata na gama yanke hukunci: matar nan ta gaji da jira, an ce mata ta kawo ƙasar hannun 'ya'yan wata a juyar mata da haihuwa, ta duba ba ta ga waɗanda suka fi nawa kusa ba.

Washegari zazzaɓin ya ɗan sauka. Da hantsi, maza sun tafi gona, na kai Isa ɗakin Inna na kwantar, na shimfiɗe Hauwa a nawa ɗakin tana barci, na kira Furera ta danga.

Na ce, "Ƙawa, zan leƙa barka gidan mai unguwa. Ki duba mini Hauwa."

Ta ce, "Je ki abinki. Yaya jikin Isa?"

Na ce, "Da sauƙi," ina kallon ƙwayar idonta. Ta sunkuyar da kai.

Na yafa mayafi na fita har zaure, na tsaya na ƙirga ɗari. Sannan na cire takalmi na dawo da sanɗa ta bayan rumbu, na raɓe a jikin ƙofata, na sa ido ta tsakanin asabari.

Tana zaune a bakin gado tana yi wa Hauwa fifita. Ta daɗe a haka, har na fara jin kunya. Can sai ta ajiye maficin. Ta dubi ƙofa. Ta miƙe ta je jikin bangon, ta tsaya tana shinshinawa, ta ɗaga hannu ta mayar, ta sake ɗagawa. Sannan ta kafa farce ta ɓanɓaro ɗan guntu, ta ƙara wani, ta kwance bakin zanenta ta ƙulle su a ciki.

Ban san lokacin da na banke asabarin ba. Na damƙi hannunta na jawo ta tsakar gida ina kururuwa. "Jama'a ku fito ku gani! Ku fito ku ga amanar ƙawa!" Kafin ka ce me, matan maƙwabta sun cika gidan, wasu da muciya a hannu, wasu da kumfar wanki. Hauwa ta farka ta tsala kuka, ban ko waiwaya ba.

Na ɗaga bakin zanen nata sama don kowa ya ga ƙullin. Na faɗi maganar ramuka, na faɗi ta rubutu, na faɗi zazzaɓin Isa. Sannan na faɗi abin da har in mutu ba zan daina jin ɗacinsa ba. Na ce, "Don kawai Allah ya yi ki juya, shi ne za ki cinye nawa? Ni na hana ki haihuwa?"

Sai ga ƙarar sandar Inna, tana tahowa a hankali tana jan ƙafa. Ta ce, "Sake ta." Na sake ta. Inna ta kwance ƙullin, ta dubi 'yan guntayen farar ƙasa a tafinta. Ta kama haɓar Furera ta ɗaga, ta ja fatar idonta ƙasa ta duba, ta juya tafin hannunta, ta kalli wuyanta inda jijiya ke bugawa. Sannan ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "'Yar nan, ina kike kai ƙasar?"

Furera ta ce, "Ci nake yi, Inna."

"Wata nawa?"

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Huɗu."

Wata mata ta rangaɗa guɗa, Inna ta daka mata tsawa ta yi shiru. Ni kuwa na zauna daɓas a kan turmi. Ni da na haihu huɗu, ni da na san mai ciki tana kwaɗayin farar ƙasa kamar ta yi hauka, ni da lokacin cikin Isa na cinye bakin tulu sabo! Daddawar da ta ƙi, madaɓin da ta ƙi, goyon da ta ƙi, duk suna gabana wata guda, na karanta su a juye.

Furera ta share fuska da mayafinta, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Malamin da ke ba ni rubutu ya ce kada in gaya wa kowa sai cikin ya yi motsi, saboda baki. Shekara tara nake jira, Saude, tsoro nake ji ko numfashi in yi da ƙarfi. Ƙamshin ƙasar nan ke hana ni sakat, in na roƙe ki kuwa za ki gane. Na ce in ya yi motsi ke zan fara gaya wa." Ta dubi matan da suka kewaye mu, ta ce, "To yanzu kowa ya ji."

Ta juya za ta tafi, ta kai bakin danga ta tsaya. Ta ce, "Ki shiga ki duba. Ko ɗan yatsa ɗaya ban taɓa ba."

Da mata suka watse na shiga ɗakin na ɗauki Hauwa na ba ta nono, sannan na bi bangon da ido. Rami tara. Kowanne a fili yake, tsakanin hannu da hannu. Wajen na Isa, inda filin ya matse, sai da ta karkata farcenta ta bi gefe don kada ta ɓata masa ɗan ƙaramin yatsa. Wata guda ina kallon ramukan nan safe da yamma ban ga haka ba. Na rungume 'yata na yi kuka mai isata.

Isa ya warke bayan kwana biyu. Ashe zazzaɓin damina ne da ya kama rabin yaran unguwa.

Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ta yafe. Amma ba ta ce in shigo ba. Kafin mako ya zagayo Shitu ya kai ta gidan iyayenta a Badafi goyon ciki, tun lokaci bai yi ba, don ta ce ba za ta iya zama ana nuna ta da baki ba. Ni kuma na ɗauki wuƙa na bi ɗamarar nan da nake fankama da ita, na ɓanɓare duk filin da ke tsakanin hannuwan, na cika ƙwarya, na rufe da sabon faifai, na ba wana Ɗahiru da zai bi ta can. Malam ya shigo ya ga bangon ya ce, "Ke kuma yanzu wa ya ƙwaƙule?" Na ce, "Ni ce, kuma kada ka ƙara tambayata."

Bayan kwana goma Ɗahiru ya dawo mini da ƙwaryar, faifan a rufe yadda na ɗaure shi. Ya ce, "Ta ce a gode miki. Wai kwaɗayin ya wuce."

Watannin nan biyar babu sallar da na yi ban roƙa mata ba, don na san in wani abu ya sami cikin nan, bakina ne. Allah ya rufa mini asiri, ta sauka lafiya, namiji, aka sa masa Umaru. Ta dawo Ƙofa da ɗanta, muka ci gaba da gaisawa. In na yi rashin lafiya takan aiko da kunu, in ta yi baƙi nakan aika da tuwo. Ƙofar danga tana nan ba wanda ya toshe, sai dai kabewa ta yi yaɗo ta rufe ta, ba kuwa wanda ya janye.

Da Umaru ya kusa shekara biyu na fara shiri ban gaya wa kowa ba. Na surfa gero na ajiye na kunun yaye, na wanke ɗan ƙoƙon da Isa ya sha a gidanta, na sa Malam ya gyara ɗan gadon kara. Har hannun Umaru na bar wa wuri a bango, kusa da na Isa, na jiƙa sauran ƙasar nan ta cikin ƙwarya. Na ce alkawari ne, ita kuwa Furera ba ta taɓa saɓa alkawari ba.

Ranar Juma'a da safe na ji muryarta a waje tana rarrashin yaron. Na ɗora kunu a wuta, na fito zaure da sauri ina gyara ɗaurin zane. Tana tafe da shi a goye, ƙullin 'yan kayansa a ka.

Ta ce, "Ina kwana, Saude."

Na ce, "Lafiya lau, ƙawa. Yau ne yayen?"

Ta ce, "Yau ne."

Na matsa gefe na ba ta hanyar shiga. Ta gyara goyonta, ta wuce ƙofar gidanmu, ta miƙe gidan 'yar uwar Shitu a ƙarshen unguwa. Na tsaya a zauren har ta sha kwana, sannan na koma ciki na sauke kunun daga wuta.